Jinjina ga Marubuta Labarin Teku

Sannunku da ƙoƙari, ku da kuka ƙetare teku a jiragen da iska ke turawa, kuka bar mana labarin a takarda. Cikinku akwai Mahommah Gardo Baquaqua, ɗan Zugu, zangon fatake a hanyar Gwanja, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An sayar da shi bawa, aka kai shi Birazil cikin ƙunci da ƙishirwa. A 1847 ya kuɓuta a New York, a 1854 littafinsa ya fito a Amurka. Ba don irinsa ba, da labarin wannan azaba ya ɓace tare da waɗanda suka sha ta. Don haka matasa, ku zauna da dattawanku, ku rubuta tafiye-tafiyensu tun suna raye.