Naman Gwarin da Aka Ce Ya Ƙwace Linzamin Ciyawa: A Dakata Tukuna

Idan kana bin labaran kimiyyar tsirrai, wataƙila ka taɓa jin cewa akwai naman gwari da ke zama cikin jikin ciyawa yana juya ƙwayoyin gadonta yadda ya so. Maganar tana da daɗin ji, amma an yi mata gishiri.

Naman gwarin sunansa Epichloë. Yana zama ne a tsakanin ƙwayoyin ganye da kara, ba ya huda su, kuma yana bin iri ya shiga sabon tsiro. Ciyawa tana ciyar da shi, shi kuma yana haɗa sinadaran da ke kare ta. Peramine na korar ƙwari, amma ergovaline da lolitrem B suna cutar da dabbobi. Ciyawar Kentucky 31 da aka yaɗa a Amurka tun shekarun 1940 ta bar shanu da rama da rashin jure zafi, a New Zealand kuma tumakin da suka ci ciyawar ryegrass mai ɗauke da shi sukan riƙa tangaɗi kamar ƴan maye. Ka ga ke nan batu ne na dukiyar makiyayi.

A 2015, Pierre-Yves Dupont da abokan aikinsa a Jami'ar Massey ta New Zealand suka auna saƙonnin RNA na ryegrass mai naman gwari da marar shi, don su ga waɗanne ƙwayoyin gado ne aka ƙara wa aiki, waɗanne aka rage. Suka samu canji a fiye da kashi ɗaya cikin uku. Aikin haɗa abinci ya ja baya, na haɗa sinadaran kariya ya ƙaru. Aiki ne mai kyau, ba na musu. Inda nake da ja shi ne yadda ake ɗaukarsa kamar hukunci a kan kowace ciyawa.

Abu na farko, nau'in da suka yi amfani da shi, wato Fl1, ba ɗan gida ba ne a ryegrass. Daga wata ciyawa ta dangin fescue aka samo shi, aka dasa shi da hannu. To, mai gida da baƙo yadda suke zama daban, yadda yake zama da ɗan'uwan da suka tashi tare daban. A 2017, Randy Dinkins da abokansa a Kentucky suka duba tall fescue tare da naman gwarinta na asali, Epichloë coenophiala. Ƙwayoyin gado ƴan ɗaruruwa kawai suka canza cikin dubbai masu yawa. Bambancin na iya fitowa daga irin ciyawar ko hanyar awo, amma ko ma mene ne dalili, sakamako ɗaya bai isa ya wakilci duka ba.

Abu na biyu, ƙidayar saƙon RNA ba ta nuna wanda ya ba da umarni. Ganin ƙwayar gado ta rage aiki bai tabbatar maka naman gwarin ne ya kashe ta da gangan ba. Mai yiwuwa ciyawar ce kawai take gyara kasafinta saboda an samu ƙarin baki a akushi. Hasali ma akwai shaidar cewa zaman lafiyar ya dogara ne da kamun kan naman gwarin. A 2006, Aiko Tanaka da abokanta sun lalata masa ƙwayar gado guda, noxA, sai ya bazu ba tsari, ciyawar ta tsumbure, ta tsufa da wuri.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Saboda daga irin waɗannan kanun labarai ake tsallakawa a ce gobe za a sa wa gero da dawa naman gwarin su jure fari. Epichloë na ciyayin ƙasashe masu sanyi ne, gero da dawa ba danginsu na kusa ba ne. Nasarar da aka samu, irin nau'in AR1 a New Zealand wanda ke korar ƙwaro ba tare da sa tumaki tangaɗi ba, ta zo ne bayan gwaji a fili da dabbobi na gaske.

Don haka duk ranar da ka sake ganin irin wannan labarin, ka tambaya: wace ciyawa, wane naman gwari, kuma su biyun tare suka tashi ko haɗa su aka yi?