Rahoton Alƙali Golston: Wa Ya Yi Son Kai?

Ƴan uwa, in an kai rigima gaban sarki, wanda shari'a ta kayar yakan ce an yi son kai. Haka ta faru da rahoton alƙali Golston, Bayahude ɗan Afirka ta Kudu.

A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta aike shi binciken yaƙin Gaza, inda Falasɗinawa wajen 1,400 da Isra'ilawa 13 suka mutu. Da fari laifin Isra'ila kaɗai aka ce ya duba. Ya ƙi, sai da aka haɗa da Hamas. Nan kam ya kyauta.

Rahoton ya tuhumi sojojin Isra'ila da kashe fararen hula, ya tuhumi Hamas da harba rokoki cikin garuruwan Isra'ila. Isra'ila ta ce gefe guda ya saurara. Da gaskiyarta, bai ji ta bakin gwamnatinta ba. To amma wa ya rufe ƙofa? Ita ta hana shi shiga, sai ta Masar ya bi ya isa Gaza.

Ga inda na ga laifinsa. A 2011 ya janye zargin cewa da gangan gwamnatin Isra'ila ta auna fararen hula. A shafin jarida ya janye, shi kaɗai, ba gaban Majalisa ba. Abokan aikinsa uku suka ce suna nan kan bakansu.