Rumbun Da Ba A Jin Yunwa A Cikinsa

A hutun damina wani abokina da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya zo Tasawa da wani fim mai dogon zango a katin wayarsa, fassarar Faransanci. Mu huɗu muka riƙa kallonsa da dare bisa tabarma, kawunanmu a haɗe kan waya guda. Sunan fim ɗin Silo. Da na tambayi ma'anar kalmar aka ce mini rumbu ke nan irin na Turawa, sai na gyara zama. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan shafi, don zan tona asiri.

Kamfanin Apple ne ya fara nuna shi a watan Mayun 2023, kashi 10, zango na 2 ya biyo baya a Nuwamban 2024. An ɗauko shi daga littattafai 3 na wani Ba'amurke, Hugh Howey: Wool, Shift da Dust. Mutane dubu 10 ne ke zaune cikin wani rami mai hawa 144 a ƙarƙashin ƙasa. Ba su san wanda ya gina shi ba, don shekara 140 da suka wuce an yi tawaye, tarihi ya salwanta, ajiye tsohon kaya ma laifi ne. Abin da suka sani kawai, iskar waje guba ce. A ɗakin cin abinci akwai babban allo mai nuna waje: tudu, mataccen icce, gawawwaki. Duk wanda bakinsa ya furta cewa yana son fita, to ba a mayar da magana. Za a sa masa riga mai kwalkwali, a ba shi ƙyallen ulu ya goge idon kyamarar da ke waje, sannan ya mutu kowa na kallo. Daga wannan ulun littafin farko ya samo sunansa.

Abin da ya fi kama ni matakala ce. Babu na'urar hawa a ramin, da gangan. Shugabanni da masu kwamfuta suna sama, manoma a tsakiya, makanikai can ƙasa wurin injin wuta. Kafin ka sauka daga sama zuwa gindi sai ka kwana a hanya, saƙo kuma sai ɗan dako ya kai shi da ƙafa. Ba sai an hana na ƙasa magana da na sama ba, gwiwa ce ke hana su. Ɗan ƙauyen Mayahi da ya taɓa biyo takarda guda zuwa Maraɗi, aka ce masa sai Yamai, ya san wannan matakala ko bai taɓa ganin bene ba. Juliette, wadda Rebecca Ferguson ta fito a matsayinta, makanikiya ce daga gindin ramin da aka ɗauko aka naɗa shugabar tsaro. Kashi na 3, inda suka kashe wuta suka gyara injin, shi ne mafi kyau a zangon farko a wurina. Babu mugu ko ɗaya a cikin aikin, ƙarfe ne da tururi da mutanen da suka san hannunsu.

Sai dabarar allo. Kowa a cikinmu ya rantse allon ƙarya yake, waje kore ne shar. Haka Allison ta zata, haka mijinta Holston ya zata, shi ne David Oyelowo, ɗan asalin Najeriya. Ashe allon gaskiya yake faɗa. Ƙaryar tana cikin kwalkwalin wanda aka fitar, shi ake nuna wa ciyawa da tsuntsaye don ya goge kyamara da murna. Kuma abin da ke kashe shi da wuri ba wani sihiri ba ne: salatif ɗin da ake liƙe rigar da shi ne aka yi mai rauni da gangan. Juliette ta tsira ne don abokan aikinta sun musanya shi da mai kyau. Wallahi wannan ya burge ni. Mulki duka ya rataya a kan salatif, kuma wanda ya iya ganewa shi ne mai aiki da hannu.

To amma ga inda muka rabu da fim ɗin. An ce mini rumbu, na zauna ina jiran yunwa, ba ta zo ba. A zangon farko mutanen nan suna da gonaki da kasuwa da giya, kowa da ƙibarsa. Damuwarsu ita ce sanin gaskiya, kamar gaskiya abin marmari ce da ake nema bayan an ƙoshi. Mu kuwa a nan, maganar rumbu maganar wa ke da ikon buɗe shi ce. Kakana yakan rufe rumbun gandu bayan girbi, ba ya buɗewa sai damina ta kama. Tsakanin nan mata su ci da gida daga hatsin gamanarsu. Mace ba ta leƙa rumbun miji. Kakata ta yi shekara da shekaru tana ciyar da gida daga wani ɗaki da ba ta taɓa ganin cikinsa ba. In ya ce akwai, akwai. In ya ce babu, babu. Bernard, shugaban sashen kwamfuta da Tim Robbins ya fito a matsayinsa, irin wannan maigidan ne, kuma abin da ya sa ban iya tsanarsa gaba ɗaya ba ke nan: ya yi imani in ya buɗe, gida zai ƙare kafin shuka.

A 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004, jihar Maraɗi ce ta fi shan wuya. Hatsi yana kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Gwamnati ta daɗe tana sayar da shi da rangwame kafin ta yarda a raba kyauta. A watan Agusta na shekarar, Shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, ga mutane nan a ƙoshe. A wannan shekarar kuwa likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a ƙasar, mafi yawansu a jiharmu. A 2008 aka dakatar da aikin reshensu na Faransa a Maraɗi. Mu ba mu da wayo lokacin, wasunmu ma ba a haife su ba, amma ku tambayi iyayenmu mata. A can jayayyar allo ba ta kore ko toka ba ce, kalma guda ce, a faɗe ta ko kada a faɗa, kuma tiyar hatsi tana rataye da ita. Sai a zango na 2, lokacin da na sama suka toshe wa makanikai hanyar abinci, fim ɗin ya tuna cewa ciki ma makami ne. Ya makara, amma ya zo.

Littafin na same shi daga baya, fassarar Faransanci ta Actes Sud, a waya. Ya fi fim ɗin ƙarfi, don ba ya jan ƙafa. Labarin Holston gajere ne, ka karanta shi zama guda, ya bar ka da nauyi a ƙirji. Masu fim, ƙarƙashin Graham Yost, sun ɗauki kusan rabin littafin farko suka shimfiɗa shi kashi 10, suka cika tsakiya da binciken mutuwar George, saurayin Juliette, wanda a littafi ɗan ambato kawai aka yi masa. Daga kashi na 5 zuwa na 7 sai ka ga kamar fim ɗin ƴan sanda kake kallo. Ɗayanmu har barci ya yi. Ga duhu: an ɗauki hoton don manyan talabijin, mu kuwa a waya rabin zango na 2 inuwar fuskokinmu muke gani. Amma ba zan hana su nasu ba. Walker namiji ne a littafi, su suka mayar da shi tsohuwa mai tsoron fita daga shagonta, kuma ta fi na littafin rai nesa ba kusa ba.

Shift, littafi na 2, shi ne ya koma baya ya nuna cewa ƴan siyasar Amurka ne suka gina ramukan, ba guda ba, wajen 50, kusa da birnin Atlanta, kuma su ne suka lalata duniyar da suke cewa suna tsare mutane daga gare ta. Na ji daɗin sanin haka, na kuma ji haushi. Tun da aka ba ni sunan mai laifi sai tsoron ya ragu. Ramin ya fi ban tsoro lokacin da kowa ke riƙe da dokarsa ba tare da sanin wanda ya kafa ta ba.

Wani abu don mu masu wannan ɗan littafi: Howey yana aiki a shagon littattafai ne lokacin da ya fitar da Wool da kansa a intanet a 2011, gajeren labari, babu kamfanin ɗab'i a bayansa. Masu karatu ne suka matsa masa ya ci gaba. Mu da muke haɗa dala-dala mu kai wa mai fotokwafi ba mu fi shi rashin gata ba a lokacin.

Da muka gama kashi na ƙarshe na zangon farko, inda Juliette ta haura tudu ta ga bakin wasu ramukan birjik, sai ƙanen abokina da ke kwance gefe, wanda muke zaton ya yi barci, ya ɗago kai ya ce: «Yaya, to su waɗancan ramukan, wa ke ba su hatsi?» Muka yi dariya muka ce ya kwanta. Katin yanzu yana Mayahi wurin wata ƴar ƙungiyarmu, wanda ke so ya neme ta, amma ya zo da cajin wayarsa cike.