Gasar Hazikai: Ina Rabon Yaro Mai Alƙalami?

Duk lokacin da aka tashi maganar yara masu baiwa a ƙasar nan, hankalin hukuma da na iyaye kan tafi ne wajen lissafi da kimiyya. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya, aka buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. A 1990 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar haziƙai ta Suleja, sannan a zamanin Gwamna Sule Lamido Jihar Jigawa ta gina tata a Bamaina. Ta ɓangaren gasa kuwa, kamfanin madarar Cowbell ya fara ta lissafi tun 1998. Madalla da wannan ƙoƙari. To, amma yaron da Allah Ya ba shi baiwar tsara labari ko waƙa da Hausa, wane tsani aka kafa masa?

Mu duba tarihin adabinmu. Gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ta kamfanin NNPC a 1978 ta fito da Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya. Ta 1982 ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya ƙirƙiro Hikayata domin mata. Dukkansu an shirya su ne domin waɗanda suka riga suka iya, babu wadda aka yi musamman saboda ɗan makaranta.

Abin da muka fi mantawa game da gasar 1933 shi ne abin da ya biyo bayanta. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shige ta, kuma East bai miƙa masa kyauta ya sallame shi ba. Ya jawo shi Zariya suka zauna aiki tare, daga nan Magana Jari Ce ta fito. Ashe rainon da ya biyo baya ne ya yi Imam, gasar nuna shi kawai ta yi.

Nan ne aibin yawancin gasannin rubutu da ake shirya wa ɗalibai. A ba da take da Turanci, malami ya gyara wa yaro ko ma ya rubuta masa, a raba kyaututtuka, a ɗauki hoto, a watse. Lissafi amsarsa ɗaya ce, alƙali ba ya shan wahala. Rubutu kuwa sai an karanta, an nuna wa yaro inda jimlarsa ta yi ɗingishi, ya sake, a sake dubawa. Alƙalin da ya ba da maki bai ba da sharhi ba, bai koyar da komai ba.

Ga kuma matsalar nisa. Yarinyar da ke Gagarawa Tasha ko Sule Tankarkar, wadda ta cika littafin rubutunta da labarai a ɓoye, sanarwar gasa ba ta isa gare ta sai an rufe. Wanda ya ci sau da yawa ɗan birni ne da ya tashi cikin littattafai, sai a ce shi ne mai baiwa, alhali gata ne aka auna.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu fara daga gida. Kowane reshe ya ɗauki makaranta ɗaya a ƙasar Gumel ko Maigatari, ya kafa zauren marubuta. A yi gasa da Hausa, a rubuta a gaban alƙalai, a mayar wa kowane yaro takardarsa da sharhi, mujallar nan kuma ta ware musu shafi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.