DI-JE DA MAKAƊI: WA YA GAJI WA?

Duk wanda ke zaune a Jahun ko Aujara ko Harbo ya san cewa da zarar kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, an sayar da riɗi da zoɓo, to lokacin bukukuwa ya kama. A da, abin da ke sanar da kai akwai biki a unguwa shi ne amon kalangu daga dandali, ko kiɗan ƙwarya daga cikin gida. Yau kuwa ƙugin janareta za ka fara ji, sannan wani yaro ya hura makirfo sau uku ya ce ana gwaji, ana gwaji. Wannan yaro shi ake kira Di-je. Ba Dije ƙanwar Ladi ba, a'a, mai sa kiɗa a gidan biki.

An yi magana mai yawa a kan Di-je ta fuskar tarbiyya. Malamai sun yi wa'azi a kan cakuɗuwar maza da mata, dattawa sun koka da faɗan samari da hana barci, har a 2024 hukumar Hisba ta Kano ta ce ba ta yarda namiji ya je ya sa kiɗa a taron mata ba. Wannan fage yana da masu shi, kuma sun faɗi nasu. Ni tawa tambayar daban ce, tambayar mai sauraro ce kawai: shin wannan da muke kira Di-je ya iya sana'ar da ya ɗauki sunanta? Ba za a amsa ba sai an san asalin sana'ar.

Mai karatu, abin ya faro ne da faifan garmaho. Akwai wani saurayi mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika, iyayensa suka koma da shi unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Ran 11 ga Agusta 1973 ya sa kiɗa a wani ɗan taro da ƙanwarsa ta shirya don ta sami kuɗin kayan komawa makaranta, kuma daga wannan dare ne masana ke ƙirga haihuwar kiɗan hip-hop. Abin da Herc ya lura da shi ƙarami ne ƙwarai. Ya ga a cikin kowace waƙa akwai wata 'yar gaɓa inda mawaƙi ke yin shiru, masu garaya da ƙaho su dakata, a bar mai ganga shi kaɗai. To a daidai wannan gaɓa ce masu rawa ke zabura, amma ba ta wuce 'yan daƙiƙu sai ta ƙare. Sai ya nemi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora su a kan garmaho biyu. In gaɓar ta ƙare a na dama sai ya sake ta a na hagu, kafin ta ƙare ya mai da allurar na dama baya. Da haka kiɗan daƙiƙa goma ya zama na minti biyar. Wannan shi ne birekbit, wato kiɗan gaɓar ganga, kuma rawar da ake yi masa ita ce birekdans ɗin da samarin birane suka yi ta birgima a kanta a shekarun 1980.

Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara wa abin gishiri. Grandmaster Flash yana sa alama a jikin faifai, yana sauraron faifai na biyu a kunnensa shi kaɗai, yana juya shi baya da yatsa har ya dace da na farko ba tare da ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe ba. Wani yaro kuma, Grand Wizzard Theodore, ya gano cewa in ka tura faifai gaba ka ja shi baya a ƙarƙashin allura, wannan ƙarar karcewa ita ma kiɗa ce in hannu ya iya. Garmahon da suka fi so shi ne Technics SL-1200, wanda kamfanin Japan ya fitar a 1972, saboda yana jure taɓawa da ja. Ka ga ke nan an mai da na'urar sauraro ta koma abin kiɗa, kamar yadda matanmu suka kife ƙwaryar dama fura a ruwa ta zama ganga.

To a nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Me Herc ya gano wanda makaɗin ƙauyenmu bai sani ba? Wallahi babu. Makaɗin kalangu da ke tsaye a dandali idonsa yana kan ƙafafun 'yan mata ne. In ya ga rawa ta yi sanyi sai ya matse tsirkiya ya ɗaga murya, in ya ga an gaji ya sassauta. Ya san taken kowa: na mahauta daban, na manoma a gayya daban, na ɗan wane jikan wane daban. Duk wanda ya saurari marigayi Mamman Shata da kunnen basira ya san akwai inda yakan yi shiru ya bar kalangai su yi zance, kuma sau da yawa nan ne jiki ke tashi. Haka gurmin Haruna Uji na Haɗeja, haka ƙoren Barmani Choge. Abin da samarin Bronx suka tona cikin faya-faye da wahala, mu a ƙofar gida muke da shi da ransa. Di-je na gaskiya ɗalibin makaɗi ne, sana'arsa duka girmama hannun mai ganga ce.

Yanzu mu auna namu da wannan mudu. Ya zo da sifiku huɗu a bayan a-kori-kura, da kwamfuta ko waya cike da waƙoƙi. Na farko, bai san gwani da ƙarfin murya abu biyu ba ne. Zai murɗa har sifika ta riƙa kuka, ganga ta dagule, ba ka jin baitin Hamisu Breaker balle na Ado Gwanja, sai dai ƙirjinka ya yi ta dukan uku-uku. Na biyu, bai iya haɗi ba. Waƙa tana tsakiya, mata sun shiga fili rawa ta yi daɗi, sai ya yanke ta kamar an ɗauke wuta, a yi tsaye cirko-cirko yana laluben wata. Na uku, bakinsa ba ya hutawa. Kowane minti sai ya katse kiɗa ya kira sunan mai liƙi, ko ya sa wannan murya da ke maimaita sunansa da lambar wayarsa. Maroƙin da ma ya san lokacin da ake kirari da lokacin da ake barin ganga. Na huɗu, kuma shi ya fi ciwo, ba ya kallon jama'a. Jerin waƙoƙin da ya sa jiya a Kiyawa su zai sa yau a Jahun, su zai sa gobe a Dutse, ko bikin bamaguje ne ko na liman. Gwaggon amarya da ta zo daga ƙauye da zaninta na biki za ta zauna har a tashi ba a sa abu ɗaya da ya san da zamanta ba.

Kada a ce na yi son kai. Di-je yana da hujjarsa. Ya fi tawagar makaɗa sauƙin kuɗi, ga talaka kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana ɗauke da muryoyin mawaƙa ɗari a aljihu. Kuma sana'a ce da ta raba samari da yawa da zaman banza. Akwai ma 'yan kaɗan a cikinsu masu kunne, waɗanda za ka ji sun fita daga waƙa sun shiga wata ba ka san inda aka yi gwamin ba. Ba kuma shi ya fara korar makaɗa ba. Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, aka fara sa na'ura tana kwaikwayon kalangu. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, wannan ba a musu.

Amma ga wani labari da ya kamata ya tsorata mu. A 1969 wata ƙungiyar mawaƙa a Amurka mai suna The Winstons ta fitar da kiɗan da ta kira Amen, Brother. A tsakiyarsa mai gangarsu, Gregory Coleman, ya yi kiɗa shi kaɗai na kamar daƙiƙa 7. Wannan 'yar gaɓa an yanke ta an sa a cikin dubban waƙoƙi. A Ingila, a farkon shekarun 1990, an ƙara mata sauri aka gina wani salon kiɗa sukutum a kanta, wanda suke kira jangul, gidajen rawa na Landan suka yi ta cika suna batsewa. Shi kuwa Coleman ya mutu a 2006 a birnin Atlanta ba shi da ko ɗakin kwana, bai taɓa karɓar kwabo a kan wannan kiɗa ba. Sai a 2015 wasu masu sa kiɗa na Ingila suka ji kunya suka yi karo-karo na fam 24,000 suka ba shugaban ƙungiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To su can ko ba komai sun ci amanar mai ganga ne bayan sun adana kiɗansa. Mu namu ya fi muni, domin muna shirin rasa makaɗin da kiɗan baki ɗaya. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waɗannan an ɗauki muryoyinsu. Amma tsohon da ke kaɗa gangar noma a ƙauyukan Jahun fa, wa ya ɗauke shi? Ɗansa ya ga ba a gayyatar uban, ya sayi babur ya shiga acaɓa. Ranar da tsohon nan ya kwanta dama, taken gidaje hamsin ya bi shi kabari.

Don haka shawarata ga Di-je ita ce, ɗan'uwa, wayar nan da ke hannunka tana ɗaukar murya. Je ka wurin makaɗin garinku, ka gaishe shi da ladabi, ka biya shi haƙƙinsa, ka ɗauki kiɗansa da izininsa, ka koyi inda ake shiga da inda ake fita. Ka rage ƙara, ka rage surutu, ka tashi kafin dare ya raba don akwai marar lafiya a maƙwabta. Ku kuma masu biki, in kun ware kuɗin janareta da na sifika, ku ware na mai kalangu ko na masu ƙwarya, ko da na awa ɗaya ne kafin magariba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya sa mu gane abin da ke namu tun yana hannunmu, amin.