Masu Karanta Jini Don Gano Asalin Ciwon Karkarwa

A Gombe, idan hannun dattijo ya fara karkarwa yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, sai ka ji ana cewa tsufa ne, wasu su ce jifa. Wanda aka kai Asibitin Koyarwa na Tarayya kuwa, likita kan ce masa ciwon Parkinson ne: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne suke mutuwa. To, me yake kashe su? Nan aikin masu ɗakin gwaje-gwaje yake farawa, kuma aiki ne da ya cancanci jinjina.

Da jini kaɗan suke somawa. Sukan ware fararen ƙwayoyinsa, domin jajayen ba su ɗauke da zaren gado, su fasa su, su wanke, har zaren ya taru fari a gindin kwalba. Hannu sai da safa, baki da takunkumi, don ɗigon yawun mai aikin kaɗai ya isa ya ɓata sakamako. Zaren nan haruffa ne kimanin biliyan 3, abin da ake nema kuwa wani lokaci harafi ɗaya ne. Ya fi tsintar tsakuwa a buhun wake wuya nesa ba kusa ba.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne rashin gaggawarsu. Na'ura takan karanta gurabe dubu ɗaruruwa a jinin masu ciwon da na masu lafiya, kwamfuta ta kwatanta. Idan gurabe suka yi yawa haka, dole wani ya yi kama da mai laifi bisa katari kawai. Gwani ba ya yarda da shi sai ya sake ganinsa a wani rukunin mutane daban.

Tun 1997 aka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da ciwon, amma galibin binciken a jinin Turawa aka yi. Wani sauyi a ƙwayar LRRK2, wanda ya yawaita a Arewacin Afirka, an neme shi a majinyatan Najeriya ba a same shi ba. Sai a 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta na Ingila da Amurka suka wallafa binciken da ya haɗa masu ciwon kusan 1,500, akasarinsu daga asibitocin ƙasar nan. Sun gano sauyi a ƙwayar GBA1 wanda kusan sai a 'yan asalin Afirka ake samunsa. Wanda ya gaje shi ta ɓangare ɗaya haɗarinsa yakan ƙaru kusan ninki ɗaya da rabi, ta uwa da uba kuwa ya haura ninki uku. Aikin GBA1 shi ne samar da sinadarin da ke narkar da wani maiƙo a cikin ƙwayar halitta. Idan ya yi ƙaranci, sai tarkace ya taru. Gadon sauyin ba ya nufin lallai mutum zai kamu.

Sana'ar ta matso kusa da mu. A Damaturu, Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci buɗe cibiyar binciken lafiya a Jami'ar Jihar Yobe a 2021. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Jihar Gombe, ga fagenku. Mu kuma, in likita ya yi mana cikakken bayani ya nemi jinin dattijonmu don bincike, mu saurare shi da kyau kafin mu ce a'a.