Taswira Mai Motsi: Bitar Mabuɗin Game of Thrones

Yawancin mabuɗan shirye-shiryen talabijin jerin sunaye ne da fuskokin 'yan wasa, lokacin da mai kallo kan tashi ya ɗebo ruwa. Na Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta fara haskawa a 2011, ya fita daban domin aiki aka ɗora masa. Labarin George R. R. Martin ya bazu a nahiyoyi biyu, ga gidajen sarauta barjat, wanda bai karanta littattafan ba zai iya ɓacewa tun a fitowa ta farko. Da fari an so a riƙa sako taswira a tsakiyar shiri duk sa'ad da labari ya koma wani gari. Da aka ga hakan na katse zaren labarin, sai aka tattara ta aka kai farko.

Angus Wall da abokan aikinsa na kamfanin Elastic sun shimfiɗa duniyar a cikin ƙwallo, ƙasa ta lanƙwasa kamar cikin ƙwarya, rana na rataye a tsakiya. Dabara ce mai kyau, don duk inda kyamara ta ɗaga kai, ƙasar za ta ci gaba da gani. Garuruwan kuma tsirowa suke yi a gaban idonka, haƙoran inji na juyawa, katako da dutse da ƙarfe na hawa kan juna, irin na'urorin da Leonardo da Vinci ya zana. Kiɗan Ramin Djawadi na tafiya da juyawar, ba ya gaba, ba ya baya. Kafin wani ya buɗe baki an riga an gaya maka cewa mulki a wannan duniya inji ne, kowa na ƙoƙarin murɗa shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne taswirar ba ta zama wuri ɗaya. Da aka ƙone Winterfell, fadar gidan Stark, hayaƙi ya riƙa tashi daga cikinta a mabuɗin. Da gidan Bolton suka ƙwace ta, tambarinsu ya maye gurbin kyarkecin gidan Stark, ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya na bayani ba. Mai lura ya samu ladan lurarsa. Ba mamaki aikin ya ci lambar Emmy a 2011.

Yana da ɗan aibi. Lokacin ƙayyadadde ne, kuma dole babban birni King's Landing da Winterfell da babbar Katangar arewa su fito ko da labari bai leƙa su ba, don haka wani lokaci akan tsallake garin da aka fi daɗewa a cikinsa.

A zango na takwas, a 2019, labari ya tattaru a wurare kaɗan, sai Elastic suka sake gini: kyamara ta ratsa ta inda Katanga ta rushe, ta kutsa cikin kushewun Winterfell da zauren karagar mulki. Mutane da yawa sun yi tir da yadda shirin ya ƙare, amma sabon mabuɗin ya sake cin Emmy a shekarar.